Wa ke wakiltarmu? Darasin kujerar sanatan Daura ga ɗan Tsauni



Ƙasarmu Nijar ba ta taɓa zaunar da majalisar dattawa ba. Tun samun ƴancin kai a 1960, majalisar dokoki guda muka sani, wadda ke Yamai. An dai rubuta sunan majalisar dattawa cikin tsarin mulkin jamhuriya ta shida, zamanin tazarcen Shugaba Tandja Mamadu, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta 2009. Kafin a kafa ta, sojoji suka kifar da gwamnati ranar 18 ga Fabrairu 2010, tsarin mulkin da ya biyo baya kuma ya komo ga majalisa guda.

Duk da haka, mu mutanen Tsauni, cikin ƙasar Matamaye, kalmar sanata ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Daga Matamaye hanya ta miƙe zuwa Ɗan Barto, a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a shiga Mai'aduwa, sai Daura. Can muke cin kasuwa, can muke da kawunnai da surukai. Ranar da suke zaɓe mu ma rediyo na kunnenmu, kamar da mu ake yi. Shekaru na yi ina biyar labarin kujerarsu, ina gwada ta da tamu, kuma tambaya guda ce ta hana ni sakat: in an gama ƙidayar ƙuri'a, wane ne talaka zai nuna da yatsa ya ce wannan nawa ne?

Majalisar dattawan Nijeriya kujera 109 gare ta: uku ga kowace jiha cikin 36, ɗaya ga Abuja. Mazaɓar da ke maƙwabtaka da mu ita ce Katsina ta Arewa, wadda ake kira shiyyar Daura. Ƙananan hukumomi 12 ta haɗa, tun daga Baure da Zango da Mai'aduwa har Mashi da Kankiya. Mutum ɗaya ake zaɓa, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke ɗauka, sauran kuwa su tashi hannu banza.

Zaɓuka uku na wannan kujera sun ishe mu tunani. A 2011 jam'iyyar CPC ta Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ita ta ci. Sai dai jam'iyyar ta dare gida biyu a Katsina, kowane ɓangare da ƴan takararsa. Abdu Umar Ƴandoma ne ya fara zama bisa kujerar. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Disamba 2011, hukumar zaɓe ta INEC ta janye takardar shaidarsa ta miƙa wa Hadi Sirika. Ƙuri'ar manomin Sandamu tana nan yadda ya jefa ta, amma wakilinsa ya sake, ba tare da an koma an tambaye shi ba.

A 2018 Sanata Mustapha Bukar ya rasu cikin watan Afrilu, aka yi zaɓen cike gurbi a watan Agusta. Manyan ƴan takara biyu ƴan gida ɗaya ne daga Kankiya: Ahmad Babba Kaita a APC, Kabir Babba Kaita a PDP. Ahmad ya ci da rata mai yawa. Dangina na can sun yi ta raha, suna cewa ko ta ina ta faɗi, gidan nan ta faɗa. Raha ce mai ɗaci, domin tana nuna cewa zaɓen gaske a ofishin jam'iyya ake yin sa, kafin a zo ga talaka.

A 2023 kuwa, Ahmad Babba Kaita, wanda ya riga ya koma PDP a 2022, ya sake neman kujerarsa ya sha kaye a hannun Nasiru Sani Zangon Daura na APC. Wani zai ce jam'iyya mutane suka bi, kuma da gaskiyarsa. Amma ko ba komi, sun san sunan wanda suka sauke, sun san na wanda suka ɗora. Shi ma sanatan ya san ƙauyukan da suka juya masa baya, rumfa bayan rumfa.

To mu fa? Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, an zaɓi depite 83 a 1993. Kujerun suka ƙaru zuwa 113 a 2004, suka kai 171 a 2016. A waɗannan zaɓuka jiha ce mazaɓa. Kowace jam'iyya ta kawo jerin sunaye na jihar Damagaram baki ɗaya, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu, in ban da mazaɓu na musamman guda 8, irin su Tasker, da aka ware wa ƙananan al'ummu. Wannan tsari yana da alherinsa, kuma ba zan ɓoye shi ba: ƙuri'ar wanda bai yi rinjaye ba ba ta zubewa ƙasa, ƙaramar jam'iyya ma tana samun bakin magana.

Amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Mutumin Tsauni ya jefa ƙuri'arsa ga tambarin jam'iyya, aka haɗa ta da ta Tanut da ta Gure da ta Magarya, shugabannin jam'iyya kuma su ne ke da ta cewa kan wanda zai shiga jerin. Na taɓa raka dattawan ƙauyenmu neman a gyara mana rijiya. Kwana biyu muka yi muna shawarar ƙofar da za mu buga, domin kowane depiten jiha namu ne a takarda, amma ba ko ɗaya da ke tsoron fushinmu. Wanda ke bin jam'iyya bashin kujerarsa, ai jam'iyya zai biya.

Wannan magana ba ta tsufa ba. Majalisar dokoki ta rushe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a watan Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa, aka ɗibar wa mulkin riƙon ƙwarya shekara biyar. Ko ba jima ko ba daɗe za a zauna a rubuta sabuwar dokar zaɓe, kuma ba mamaki wasu su sake ɗauko zancen majalisar dattawa. Ni dai a ganina ƙarin majalisa ba shi ne maganin ciwonmu ba. Shiyyar Daura tana da sanata, amma mutum ɗaya bisa ƙananan hukumomi 12 bai isa ya san kowace rijiya ba, kuma mun ga yadda rikicin jam'iyya ya sauya shi a 2011.

Abin da nake roƙon masu rubuta dokar gobe abu uku ne. A rage faɗin mazaɓa, ta zama daidai ƙasar Matamaye ko abin da bai kai ta ba. A buga sunan ɗan takara da hotonsa bisa takardar ƙuri'a, kada kuma a sauya shi bayan zaɓe sai an komo ga masu ƙuri'a. A wajabta wa depite ya zo mazaɓarsa bayan kowane zaman majalisa, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya amince da shi da abin da ya ƙi. Ana iya barin wani kaso na kujeru ga jerin jam'iyyu, don kada marasa rinjaye su rasa murya.

Idan aka yi haka, ranar da rijiya ta rufta mun san gidan da za mu je, shi ma ya san za mu sake haɗuwa da shi a rumfar zaɓe. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka, amin.