Chasselay: Ƙauyen Faransa Mai Ganuwar Jar Ƙasa

Idan ka bar birnin Liyon ka nufi arewa, tafiyar kamar kilomita 15, za ka iske ƙauyen Chasselay a gindin tuddan Monts d'Or, ba nisa da kogin Saône. Ƙauye ne na manoma, gonakin 'ya'yan itatuwa sun kewaye shi, tsakiyarsa kuwa tsoffin gidajen dutse ne da sauran katangar da ta kare garin a zamanin da. Amma abin da ke tsayar da baƙo yana bayan gari: wata ganuwa ja, mai tsinin kusurwoyi kamar zankayen soro, sai ka rantse daga bakin kogin Kwara aka ɗauko ta. Maƙabarta ce, sunanta Tata.

Asalinta yana komawa ga Yaƙin Hitila. A watan Yunin 1940 Faransa ta riga ta karye. Ranar 17 ga wata shugaban gwamnatinta, Marshal Pétain, ya nemi a tsayar da faɗa, aka kuma bar Liyon a buɗe don kada a rushe ta. Duk da haka aka umarci runduna ta 25 ta sojojin da ake kira "'yan Senegal" ta tare hanyoyin da ke shiga birnin. Sunan ne kawai na Senegal. An ɗebo su ne daga ko'ina cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ake ɗibar irin waɗannan sojoji.

Ranar 19 ga Yuni suka yi artabu da Jamusawa a gidan mata masu zaman ibada na Montluzin. Kashegari, da harsasai suka ƙare, waɗanda suka rage suka miƙa wuya. Nan Jamusawa suka ware farare gefe guda, baƙaƙe gefe guda. A wani fili da ake kira Vide-Sac, tankokin yaƙi suka buɗe wa 'yan Afirka wuta, suka kuma bi ta kan waɗanda suka faɗi. Bayan kwana biyu Faransa ta sa hannu a takardar tsagaita wuta.

Mutanen ƙauyen ba su bar gawarwakin a fili ba, suka binne su. Daga baya Jean Marchiani, jami'in da ke kula da tsoffin sojoji a yankin Rhône, ya sayi filin, ya tattaro gawarwakin 'yan Afirka daga ƙauyukan kewaye, ya sa aka yi ginin irin na ƙasarsu. Kalmar tata kanta daga Afirka ta Yamma take, ganuwa take nufi. An buɗe maƙabartar ranar 8 ga Nuwamba 1942, yaƙi bai ma ƙare ba, har da ƙasar da aka kawo daga Dakar.

Yau sojojin Afirka ta Yamma 188 ne ke kwance a ciki, da dama daga cikinsu kabarinsu ba suna. Duk shekara ana taruwa a tuna da su. Wanda Allah ya kai Liyon, ya daure ya ƙarasa Chasselay ya yi musu addu'a, domin sun mutu nesa da gida, a yaƙin da ba su suka tayar ba.