Daga Ƙofar Nassarawa Zuwa Mambila: Abin da Ke Cikin Jakar Matafiyi

A Ƙofar Nassarawa aka haife ni, kuma wanda ya tashi a bakin ƙofar gari ya tashi ne yana kallon masu fita da masu shigowa. Kakana, Allah Ya jiƙansa, yakan ba mu labarin fataken da ke barin Kano zuwa Gwanja neman goro, tafiya ta watanni. Inda ya fi daɗewa a labarin shi ne ɗaurin kaya: salkar ruwa, gwado, ƙanzo da kilishi, da ƙyastun kunna wuta. Madugu ba ya ta da ayari sai ya tabbatar kowa ya kimtsa. Yau gadar sama ce ta mamaye wurin, mu kuma jikokinsu sai mu cusa kaya kala biyu a jaka, mu faɗa mota.

Da irin wannan shiri na taɓa kwasar ɗalibaina a wani hunturu zuwa tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Bakano yana ganin ya san sanyi tunda ya sha jaura, ya manta cewa namu ɗarin da hantsi yake sakin mutum, kuma akwai soro da bango. Tudun Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, Mambila kuwa ta haura 1,500, ga Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Duk hawan mita 1,000, zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6. Ni nake koyar da wannan a aji, amma ban sa shi a jakata ba.

Mun wuce Jalingo da Bali da Serti lafiya. Bayan Mayo Selbe, inda hanya ke nannaɗe dutse tana hawa, motarmu ta mutu gab da magariba, dole muka kwana a cikinta. Da dare ya raba, wani ɗalibi mai tausayin 'yan'uwansa ya hura gawayi a ɗan kaskon shayinsa, ya shigo da shi, aka rufe gilasai ruf. Ni ina gaba, barci ya sace ni. Direbanmu, wani dattijo da ya kwanta a waje cikin bargonsa, shi ya hango jan garwashi, ya buɗe ƙofa yana salati, ya fitar da mu ɗaya bayan ɗaya. Uku sun yi amai, ni kaina kamar zai tsage. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da muke shaƙa don rayuwa, mutum ya zarce daga barci. 'Ya'yan mutane goma sha huɗu ne, kuma ni aka danƙa wa amanarsu.

Tun daga ranar kasko ya bar kayana. Ɗumin da za a nema, a jiki za a neme shi. Riguna uku marasa kauri da aka jera sun fi jibgegiya guda, domin mai hawan dutse yana gumi, sai ya tuɓe ɗaya. Ta jikin fata kada ta zama ta auduga, domin idan ta jiƙe, sanyi take riƙewa. 'Yan gwanjon Ƙofar Wambai suna da rigunan ulu da safa da hular sanyi a farashin da ɗalibi zai iya. Mutane kan tuna bargo su manta shimfiɗa, alhali ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin mai kwance. Sai takalmin da ƙafa ta saba da shi, da tocila da batir na ajiya, da man kaɗanya saboda faso, da ruwa, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Dabino da ƙuli-ƙuli ba sa neman wuta. Motar ma a duba batirinta da birki da tayar ajiya tun a Kano.

Bana ma za mu koma. Na ce wa ɗaliban mu haɗu a gindin gada bayan sallar asuba, kowa ya zazzage jakarsa a kan tabarma in gani. Wasu sun yi gunaguni, wai su ba 'yan firamare ba ne. Na riga na rubuta wa matata sunayen garuruwan da za mu kwana da ranar dawowa, ta liƙa takardar a bayan ƙofar ɗaki.