Ranar Da Muka Daina Bar Wa Yaya Gadin Gida

Idan a gidanku akwai wanda kullum shi ake bar wa makulli idan za a fita, to wannan labarin naki ne.

Wata ranar Asabar ina biya wa 'yan ƙaramin aji Suratul Fili a Islamiyyarmu da ke nan Daura, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kin taɓa ganin giwa?" Na ce mata sai dai a hoto. Da yamma da na je gaida Hajiyarmu na ba da labarin ana dariya. Yayata tana gefe kan kekenta tana ɗinkin hula, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Ni kam ina son in ga giwa da idona kafin in koma ga Allah." Muka sake yin dariya, amma ita ba ta yi ba.

Yaya tana da shekara 3 cutar shan inna ta kama ta, tun ba a haife ni ba. A 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan a gidajenmu, sun girma, wasu har sun fara furfura. Allah Ya sani muna son Yaya, ba ta taɓa rasa ci ko sutura ba. Sai dai duk ranar biki ko suna ko hawan salla, magana ɗaya ce: "Yaya, ke dai ki zauna kada ki sha wahala." Haka ta yi shekara 40 a garin Daura ba ta taɓa kallon hawan Sallar Gani a ƙofar fada ba, ba ta taɓa leƙa rijiyar Kusugu da baƙi ke zuwa gani daga nesa ba.

Bayan wata biyu ta kwashi adashinta, ta kira ni ɗaki ta zube kuɗin a gabana, ta ce Yankari za mu, kuma ɗaki mai kyau take so, irin wanda manya ke sauka. Hajiya ta ce wannan almubazzaranci ne, gara a sayi tumaki a yi kiwo, masu ƙafa ma ba su je ba. Yaya ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Tunda nake ban taɓa cewa a kai ni ko'ina ba. Kuma babu wanda ya taɓa tambayata ko ina son zuwa."

Wallahi 'yar'uwa, maganar nan ta hana ni barci. Ni ce nake koya wa ɗalibai labarin Sahabi Amru ɗan Jamuhu (RA), wanda 'ya'yansa suka so hana shi fita Uhudu saboda gurguntarsa, shi kuma ya nace har Annabi (SAW) ya bar shi ya tafi. Na karanta, na koyar, amma ban taɓa ganin Yaya a cikin labarin ba. Tausayinmu ya zame mata katanga, kuma in za a faɗi gaskiya, rabin tausayin nan gudun wahalar kanmu ne.

Maigidana ya amince, muka sa rana a ƙarshen watan Disamba na 2022, lokacin hutun makaranta. Da ma da rani aka fi ganin namun daji a can, domin ciyawa ta bushe, dabbobin kuma suna taruwa kusa da kogin Gaji neman ruwa. Muka tafi da ƙanenmu, saboda shi ne muharraminta da zai iya ɗaga ta a shiga mota da fita. Muka bi ta Kazaure, Kano, Birnin Kudu da Ningi, muka isa Bauci da magariba.

A nan muka fara koyon darasi. Wani masauki da muka yi waya da su tun daga gida sun ce mana "babu matsala", ashe ɗakin a bene yake. Da aka sama mana na ƙasa kuma, ƙofar banɗakin ta yi wa keken kaɗan. Sai da na ɗauko kujerar roba na sa mata a ciki, ta ja jiki ta shiga. Ta fito tana dariya, ni kuwa kunya ta ishe ni, domin tela ce ita, da mun auna faɗin keken da tef ɗinta mun tambaya da lissafi, da ba a yi haka ba.

Washegari muka ɗauki hanyar Gombe, muka ratse a Dindima zuwa ƙofar gandun a Mainamaji, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki tafiyar sama da kilomita 40 ce cikin daji. An keɓe gandun ne tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Duk wannan Yaya ce ta riƙa karanto mana daga wayarta, ashe ta daɗe tana bincike ba mu sani ba.

Muka kama ɗakin da take so, na ƙasa, mai na'urar sanyaya ɗaki da faffaɗan gado. Ta shafa zanen gadon ta ce, "Yau ni ce baƙuwa, ba mai jiran gida ba." Ko kaya ba mu gama shigarwa ba wani gwaggon biri ya fizge ledar ƙuli-ƙuli daga cinyarta ya haye bishiya. Ga mugun dawa kuma suna kiwo a tsakar masaukin kamar awakin gida. Yarana suka ruga bayan keken suka ɓuya, ita kuwa har da hawaye don dariya.

Motar zagaya daji doguwa ce, buɗaɗɗiya. Ƙanenmu ya ɗaga ta ya zaunar kusa da direba, muka tokare ta da matasai biyu, muka ɗaura mata gyale a ƙugu saboda gargada, aka naɗe keken aka ajiye a baya. Da yammar farko mun ga gwambaza da mazo da tsuntsaye iri-iri, amma giwa sai dai kashinta da rassan da ta kakkarya. Ɗan jagoran ya ce mana daji ba gidan zu ba ne, babu mai yi maka alkawarin abin da za ka gani. Na dubi Yaya ina jin tsoron kada kuɗinta su tafi a banza. Ta ce, "Malama, kwantar da hankalinki. Ko iskar nan kaɗai ta biya ni."

Da asuba muka nufi maɓuɓɓugar Wikki kafin mutane su taru. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin dutse, garau kamar gilashi, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yana can ƙasan kwari, sai an sauka matakala masu yawa. Maigida da ƙanenmu suka kama keken ta gefe biyu, wani ma'aikaci ya riƙe ta baya, suna sauka suna hutawa. Da muka isa mazan suka ja gefe, na cire mata safa na sa ƙafafunta a ruwan. Ƙafafun nan da take ɓoyewa ko a gabanmu. Ta daɗe shiru, sannan ta ce in bar ta ta yi alwala da kanta.

A fita ta biyu, rana ta kusa faɗuwa, direba ya kashe mota ya nuna da hannu. Can gefen kogi ga su nan, manya da wata 'yar ƙarama tana bin uwarta. Babu wanda ya yi magana. Na ji Yaya tana tasbihi a hankali, hannunta ya damƙe nawa har ya yi mini zafi. Da suka shige cikin kurmi ta ce, "Ki gaya wa ɗalibarki ta fi yadda ake zana ta."

'Yar'uwa, ban ce kowa ya kwashi adashi ya tafi Bauci ba, halin rayuwa kowa ya san shi, kuma duk mai niyya ya fara bincika lafiyar hanya tukuna. Amma in za ki yi tafiya da mai keke, ga abin da muka koya. Ki auna faɗin keken, ki tambayi faɗin ƙofar ɗaki da ta banɗaki, ki ce a turo miki hoto. Ki nemi ɗakin ƙasa. Ki tafi da kujerar roba, matasai da famfon iska in tayar mai iska ce. Ki tafi da muharramin da zai iya ɗagawa. Mafi girma duka, kada ki tura keken ko ki yanke shawara sai kin tambayi mai shi.

Ki kuma sani wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan namu, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu akwai ɗakunan da aka gina musamman don masu keke, kuma ba wani abin al'ajabi ba ne, faɗaɗa ƙofa ne da shimfiɗa gangaren siminti a maimakon matakala. Da muka dawo, iyayen yara suka haɗa kuɗin siminti buhu uku muka yi irin wannan gangaren a ƙofar Islamiyyarmu. Kafin zango ya ƙare aka kawo mana wata yarinya mai keke da take zaune a gida shekara biyu.

Da Sallar Gani ta zagayo, Hajiya da kanta ta ce a nemo Keke Napep tun da wuri, Yaya za ta ƙofar fada. Makullin gidan kuwa maƙwabciya muka bar wa.

Ke fa, wa kike bar wa naki? Tsohuwar da ƙafa ta gaza, ko yaron da kike jin nauyin a gan ki da shi? Yau in kin idar da sallar isha'i ki zauna kusa da shi ki tambaye shi inda yake son zuwa. Wataƙila ba giwa zai ce ba, gidan ƙanwarsa ne a bayan layi.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin 'yan'uwanmu, amin.