Haƙora Huɗu Tsakanina da Tsufa

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, labarin gwiwata ne.

Da aka janye tallafin mai a 2023, sai na jingine babur ɗina, na kakkaɓe tsohon keken Phoenix da na gada wajen mahaifina. Da shi nake kai littattafaina Kasuwar Sabon Gari. A zuciyata ina nan ɗan shekara 20, amma ranar da na ɗauro kwali biyu na nufi gadar Ƙofar Nasarawa, gwiwa ta tuna mini na haura 40. A tsakiyar hawa na sauka ina turawa, ina haki, 'yan makaranta na dariya. Daren nan a zaune na yi sallar isha'i.

Na yi niyyar sayen na hannu mai giya, sai dai kuɗin bugun sabon littafi ne a aljihuna. Na je wajen wani dattijo mai gyaran keke. Ya tsuguna ya ƙirga haƙoran farantin gaba, 44, na firiwil ɗin baya kuma 18.

Ya ce, "Yaro, wannan na samari ne. Bari in sa maka mai 22."

Na ce, "Baba, ba zai rage gudu ba?"

Ya ce, "Zai rage mana. Wa kake tsere da shi?"

Daga baya na yi lissafi. A da, in feda ta zaga sau ɗaya, tayar baya kan juya kusan sau biyu da rabi, a ci fiye da mita 5. Yanzu sau biyu cif take juyawa, mita 4 da 'yan kai. Ƙafa na yawaita juyi, amma kowane taki ya yi sauƙi. Ya canja kacar ma, don tsohuwar kaca takan cinye haƙoran sabon firiwil, ya kuma ɗaga sirdi har ƙafata ta kusa miƙewa.

Wallahi ranar farko na ji kunya, ina ta wutsil-wutsil yara na wuce ni. Amma na haye gadar ban sauka ba, na kuma yi sujada ba ciwo.

Uwargida ta ce na yarda na tsufa ke nan. Na ce mata sannu ba ta hana zuwa. Duk wanda gwiwarsa ta fara ƙorafi, ya ƙirga haƙoran kekensa kafin ya jingine shi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.