Da Sunan Wa Aka Rubuta Kuɗin?

Ƙanwata ta kira ni da misalin ƙarfe uku na dare agogon Kano. Duk mai ɗan'uwa a Amurka ya saba da irin wannan kira, domin a can ba a daɗe da idar da isha'i ba. Amma tun daga sallamarta na gane da magana.

"Yaya, ba a sabunta tallafin ɗakin bincikenmu ba. Saura mini wata shida."

Na ce, "Wata shida na me?"

Ta ce, "Na albashi. Kuma bizata a jikin aikin take."

Da gari ya waye na kai wa Umma labari, na sassauta shi gwargwadon iyawata. Ta yi shiru, can ta ce, "To wai ita yarinyar nan yaushe za ta gama karatu? Ba an ce ta zama dakta ba?" Na rasa amsar da zan ba ta. Na fi shekara goma ina aikin jarida, na yi hira da farfesoshi ba adadi, amma ashe ban san sunan aikin da ƙanwata take yi ba, balle yadda ake biyanta. Kunyar wannan ce ta sa na zauna na bi diddigin al'amarin.

Matakin da take kai shi ake kira fosdok, wato zangon bincike na bayan digirin digirgir. Babu jarrabawa a cikinsa, babu takardar shaida a ƙarshensa. Misalinsa shi ne tela da aka yaye, ya iya yanka ya iya ɗinki, amma bai buɗe shagon kansa ba, don haka yake zaune a shagon wani yana aiki da keken wani. A fannin binciken lafiya da halittu, da wuya babbar jami'a a Amurka ko Turai ta damƙa wa mutum ɗakin bincike bai yi shekaru a wannan zango ba. Ita ƙanwata tana nazarin yadda ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ke bijire wa maganin atemisinin, abin da aka fara gani a Kambodiya, daga baya aka tabbatar da alamunsa a Ruwanda da Yuganda. Wanda ya san cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Najeriya suke, zai fahimci dalilin da ya sa ta zaɓi wannan aiki.

Abu na farko da na gano shi ne kuɗin da ake biyan mai fosdok iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ke yanke makomarsa.

Iri na farko kuɗin maigida ne. Shugaban ɗakin bincike ya nemi tallafi na shekara huɗu ko biyar, ya samu, ya ɗauki mutane daga ciki. Tambayar da ake bincike a kanta tasa ce, kayan aiki nasa ne, ranar da tallafin ya ƙare kuwa kowa ya kama gabansa. Mafi yawan masu fosdok a wannan rukuni suke, har da ƙanwata. Albashin ma bai kai yadda muke zato daga nan ba. A shekarar 2024 hukumar NIH, wadda ta fi kowace hukuma a duniya zuba kuɗi a binciken lafiya, ta ɗaga mafi ƙarancin alawus ɗin mai fosdok zuwa dala 61,008 a shekara. Idan aka juya shi zuwa naira sai a riƙe baki, amma a birni irin Boston kuɗin haya kaɗai yana lashe kaso mai tsoka, ga haraji, ga kuɗin renon yara ga mai iyali. Wani kwamitin da hukumar ta kafa ya ba da shawara a Disambar 2023 cewa a kai shi dala 70,000, a kuma taƙaita zangon kada ya wuce shekara biyar. Kafin nan, a Nuwambar 2022, ma'aikatan ilimi kusan 48,000 na Jami'ar Kalifoniya sun shiga yajin aiki, da masu fosdok a cikinsu, kuma albashi ne kan gaba a koke-kokensu.

Iri na biyu shi ne tallafin da aka rubuta da sunan mai binciken kansa. Shi ya kawo tambayar, shi ya kare ta a gaban alƙalai, kuma jami'ar da za ta ɗauke shi aiki gobe wannan takarda za ta fara dubawa, domin ita ce shaidar cewa zai iya ciyar da ɗakin bincike. A Amurka wanda ya fi shahara shi ne K99/R00 na NIH, wanda aka fara a 2006: har shekara biyu ƙarƙashin jagora, sannan har shekara uku na cin gashin kai idan mutum ya samu kujera a wata jami'ar ƙasar. Ba ya buƙatar zama ɗan ƙasa, saɓanin F32 da aka keɓe wa 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin. Tarayyar Turai tana da tallafin Marie Curie, na shekara ɗaya zuwa biyu, ga ɗan kowace ƙasa. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da Georg Forster, wanda aka tanada domin masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. Gidauniyar Wellcome ta Landan kuwa tana ba masu tasowa albashi da kuɗin bincike har fam 400,000 na tsawon shekara biyar, kuma ana iya riƙe shi a jami'ar Najeriya ko Nijar ko Ghana.

Abu na biyu da na gano, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne kowace ƙofa tana da agogo. K99 ba ya karɓar wanda ya haura shekara huɗu a fosdok. Wellcome tana sa ran kada a wuce shekara uku. Humboldt tana ƙidaya shekara huɗu daga ranar kammala digiri, Marie Curie kuma shekara takwas na aikin bincike. Ana rage lokacin haihuwa da jinya idan mutum ya nema, amma sai wanda ya san da haka zai nema. Ƙanwata ta yi shekara biyu da rabi tana aikin maigidanta ba dare ba rana, ta fitar da takardu biyu masu kyau, ba ta taɓa rubuta neman tallafi da sunanta ba. Ta ce mini, "Yaya, na ɗauka idan na yi aiki sosai za a gani." An gani kuwa, an yaba, amma yabo ba ya tsawaita biza. Irin bizar da take da ita iyakarta shekara biyar, kuma idan aiki ya ƙare kwana talatin ake ba mutum ya tattara kayansa.

Wannan agogo ya fi cutar da wanda ya yi digirinsa a gida. Malami ya kammala digirin digirgir, aka ɗora masa azuzuwa masu ɗaruruwan ɗalibai da tarin takardun jarrabawa, kafin ya ɗago kai shekara huɗu ta wuce, wasu ƙofofin sun rufe bai ma ji labarinsu ba. Jami'o'inmu ba su cika samun gurbin fosdok ba. Daga digiri sai aji.

Ko wanda ya bi komai daidai ba shi da tabbas. Masu fosdok sun ninka kujerun farfesa sau da yawa, kuma a Amurka mai bincike yakan haura shekara 40 kafin ya samu babban tallafinsa na farko. Katalin Kariko ta isa Amurka daga Hangari a 1985 a matsayin mai fosdok. A 1995 Jami'ar Pensilvaniya ta rage mata matsayi saboda ta kasa samo tallafi ga bincikenta kan mRNA, binciken da aka gina rigakafin korona a kansa, wanda ya kai ta ga kyautar Nobel tare da Drew Weissman a 2023. Ana yawan ba da labarinta don ƙarfafa gwiwa. Ni abin da nake tunani shi ne yawan waɗanda suka bar fagen a irin shekarar da ta yi ta 1995. Barin jami'a kuma ba faɗuwa ba ce: kamfanonin magunguna, hukumomin sa ido irin NAFDAC, cibiyoyin yaƙi da annoba irin NCDC da takwararta ta Afirka da ke Adis Ababa, da mujallun kimiyya, duk suna buƙatar waɗannan mutane, wasunsu ma sun fi jami'a biya.

Umma ta ce, "To ta dawo gida mana." Ƙanwata ma abin da take so ke nan. Amma ƙwayoyin da take aiki da su suna buƙatar firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba yankewa. Wuta ta ɗauke kwana biyu, aikin shekara uku ya narke. Sinadaran gwaji daga waje ake sayo su da dala. Wanda ya dawo da takardar digiri kawai zai zama malami, wanda ya dawo da tallafi da sunansa shi zai iya sayen firjin da man janareta, ya ɗauki ɗalibai.

An kuma ga misalin abin da ke yiwuwa. Cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fitar da jerin ƙwayoyin halittar cutar korona na farko a Afirka a Maris na 2020. Akwai WACCBIP a Jami'ar Ghana, wadda Farfesa Gordon Awandare ya assasa. A Kano ma, binciken hana shanyewar ɓarin jiki ga yara masu amosanin jini ta hanyar maganin haidiroksiyuriya an yi shi ne da haɗin gwiwar likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt. Sai dai akasarin kuɗin irin waɗannan ayyuka daga waje yake zuwa, kuma kowa ya san halin rancen riga. A Mayun 2025 NIH ta dakatar da tsohon tsarin da jami'o'in Amurka ke miƙa wani ɓangare na tallafinsu ga abokan aiki na ƙasashen waje, dakunan bincike da dama a Afirka suka ji a jikinsu. Tarayyar Afirka ta daɗe da ɗora wa ƙasashenta burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, mafi yawansu ba su kai ba. Asusun bincike na TETFund yana taimakawa, amma malaman da suka riga suka samu aiki a makarantun gwamnati yake kaiwa gare su.

Saboda haka ga mai ɗa ko ƙani ko mata a wannan hanya, tambayar "yaushe za ka gama?" ba za ta amfane shi ba. A tambaye shi da sunan wa aka rubuta kuɗin da yake ci, da kuma wata nawa suka rage masa kafin ƙofofin su rufe. Neman tallafi yana cin watanni ana rubutu, wasu watannin ana jiran hukunci, kuma yana buƙatar jagora da jami'ar da za ta tsaya wa mutum. A shekarar farko ya kamata a fara shi.

Ƙanwata ta samu wani ɗakin bincike da ya ɗauke ta na shekara ɗaya, aka mayar da bizarta can. A cikin watannin nan ta rubuta takardar neman tallafi ta farko da sunanta, tare da wata jami'a a Afirka ta Yamma da ta yarda ta ba ta ɗaki. Masu nema sun fi masu samu yawa nesa ba kusa ba, ita ma ta san da haka. Da na yi wa Umma bayanin tela da keken aro, sai ta ce, "Ashe keken kanta take nema." Tun ranar take tambayata ko amsa ta zo, ni kuma ina ce mata tukuna.