Ɗan Majalisa Kuma Minista: Mu 'Yan Sabo Wanne Ya Fi Mana?

 

Yau siyasa zan ɗan taɓa, duk da na san akwai waɗanda da sun ji siyasa sai su ce mu da muka zo neman abinci me ya haɗa mu da ita. Maganar ita ce, idan mutum ɗaya ya zama ɗan majalisar mazaɓarku kuma ya zama minista a lokaci guda, riba ce ga waɗanda suka zaɓe shi ko asara? Ba haka kawai na ɗauko zancen ba. A watan Fabrairun 2024 wasu 'yan majalisar wakilai su kimanin 60 sun gabatar da ƙudurin a mayar da Najeriya tsarin firaminista daga 2031, kuma a wannan tsari daga cikin 'yan majalisa ake ɗauko ministoci.

A tsarin mulkin 1999 abin ba ya haɗuwa. Sashe na 147 ya ce ranar da ɗan majalisa ya sha rantsuwar minista, ranar ya bar kujerarsa. Haka ta faru a 2023 da David Umahi, sanatan Ebonyi ta Kudu, da Ibrahim Gaidam na Yobe ta Gabas, da Tanko Sununu na Yawuri, da Olubunmi Tunji-Ojo na Akoko a jihar Ondo. Mutane sun sha rana a layi a watan Fabrairu sun zaɓe su, a watan Agusta suka tafi ministoci, kuma ba a cike gurabensu ba sai Fabrairun 2024. Wato kusan rabin shekara waɗannan mazaɓu ba su da baki a Abuja, har kasafin kuɗin 2024 aka zartar babu su. Mu a Ibadan ta Arewa mun san ɗacin kujerar da ba kowa, ko da yake tamu mutuwa ce ta jawo: wakilinmu ya rasu a Yulin 2024, sai Agustan 2025 aka yi zaɓen cike gurbi.

Da can ba haka yake ba. Kafin sojoji su kifar da gwamnati a 1966, Tafawa Ɓalewa kansa ɗan majalisa ne daga Bauchi, haka su Shehu Shagari da Inuwa Wada da Maitama Sule, kowa da mazaɓarsa da ma'aikatarsa. A nan Ibadan ma akwai Adegoke Adelabu, wanda Yarabawa ke kira Penkelemesi, shi har uku ya haɗa: shugaban majalisar gundumar Ibadan, ɗan majalisar tarayya, kuma minista a 1955. Jikansa Adebayo Adelabu kuwa da aka naɗa ministan wutar lantarki a 2023, ba wata mazaɓa da ta tura shi. Takarar gwamna ya yi bai samu ba, shugaban ƙasa ya ɗauko shi. Gida ɗaya, tsari biyu.

Mu da muka gaji fataucin goro ba ma rasa ɗan uwa a Kumasi, don haka Ghana ce ta fi saurin faɗo mini a rai. Tsarin mulkinsu na 1992 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya ɗauko mafi yawan ministocinsa daga majalisa. Mazaɓar Asawase, inda Aboabo da wasu unguwannin zango suke, tun 2005 Muntaka Mubarak ke wakiltarta. A 2009 ya yi ministan matasa da wasanni na 'yan watanni ya sauka, amma kujerarsa ta majalisa ba ta tafi da ministan ba, domin ba shugaban ƙasa ne ya ba shi ita ba. Mutanensa suka ci gaba da mayar da shi zaɓe bayan zaɓe, a 2025 kuma aka naɗa shi ministan cikin gida. Ku duba wannan da kyau jama'a. Mai sayar da koko a Aboabo tana da ƙuri'ar da ministan da ke kula da 'yan sandan ƙasa baki ɗaya yake buƙata. Ni kuwa a Sabo, wane minista ne ya taɓa buƙatar tawa?

To amma ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da ke sa ni ɗari-ɗari. Baba yakan ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma shi a kasuwa ya koyi haka. Duk wanda ya buɗe shago biyu, ɗaya yaro zai bar wa, kuma kowa ya san shagon da maigida yake zama shi ne mai ciniki. Majalisarmu doka ta ce ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Ka ɗora ofishin minista a kan wannan, da taron majalisar zartarwa, da tafiye-tafiye ƙasashen waje, wace rana za ta rage wa mutumin da aka rushe wa rumfa a Bodija? Abin da zai biyo baya mun san shi: za a buɗe ofishin mazaɓa, a ajiye wani mataimaki na musamman, shi kuma yana da nasa mataimakin, kai kuma ka yi ta sintiri da takarda a hannu. Ɗan gari yana da ƙanin uwa ko abokin makaranta da zai shigar da shi ta ƙofar baya. Mu sai dai mu bi ta hannun Sarkin Hausawa da masu gidajenmu, kamar yadda kakanninmu suka yi tun kafa Sabo a 1916.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Aikin ɗan majalisa ba rabon babur da keken ɗinki ba ne, ko da yake mun mayar da shi haka, tunda an daɗe ana ware naira biliyan 100 a shekara don ayyukan mazaɓu. Aikinsa na asali shi ne ya miƙe ya ce wa gwamnati kin yi ba daidai ba, ya kira minista gaban kwamiti ya titsiye shi. To idan shi ne ministan fa? Wa zai titsiye wa? Minista ba ya sukar gwamnatin da yake ciki sai dai in ya shirya ajiye aiki. Kenan ranar da aka ba wakilinku minista, kun sami hannu amma kun rasa baki. Kenya ta ga haka, a tsarin mulkinta na 2010 ta raba su, ta ce minista ba ya zama ɗan majalisa. A Ghana ma an daɗe ana wannan muhawara.

Duk da haka, ni a ganina, idan aka ajiye mini biyun aka ce in zaɓa, ministan da zai dawo roƙon ƙuri'a zan ɗauka. Dalilina yana cikin wancan sashe na 147 ɗin dai. Ya ce a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Ɗan asali, ba mazauni ba. Ni a Ibadan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, Yarabanci a bakina kamar Hausa, a nan Baba yake biyan haraji da kuɗin rumfa. Amma a wannan lissafi ba na cikin kason Oyo. Idan aka koma jihar da kakana ya baro, ministan can bai san da zamana ba, kuma ba laifinsa ba ne, katin zaɓena ba na can ba ne. Wuri ɗaya tak da doka ta ƙirga ni daidai da maƙwabcina Bayarabe shi ne akwatin zaɓe. Saboda haka duk muƙamin da aka ɗaure da akwati, ina da igiya a jikinsa ko da siririya ce. Wanda aka ɗaure da takardar asali kuwa ba ni da ko zare.

Ku tuna rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, da aka yi asarar rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, namu da na Yarabawa. Wasu gwamnonin Arewa sun taso sun zo jaje, mun gode Allah Ya saka. Amma sun zo ne da zumunci, ba da wajibi ba, domin ba mu muka zaɓe su ba, kuma da yamma suka hau jirgi. A irin wannan rana ba ƙuduri kake buƙata a majalisa ba, wanda sai an saka shi a jadawali an yi muhawara an miƙa wa kwamiti. Kana buƙatar wanda zai ɗaga waya a ji maganarsa kafin wuta ta kai layi na gaba, kuma ya san cewa in bai ɗaga ba, akwatunan unguwarku za su tuna masa. Yawancin matsalolinmu irin waɗannan ne: shingen hanya da ake tatsar motocin albasa da shanu, rumfa, belin yaro da aka kama a samame, gurbin makaranta. Duk aikin masu zartarwa ne.

Inda na san minista ba zai yi mana amfani ba shi ne babbar matsalar kanta, wato maganar asali. A 2025 mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara goma a jiha damar zama ɗan asalinta. Ƙungiyoyi suka yi ca a kansa, a ƙarshe ya janye. Idan mai wannan matsayi, wanda ba ya ƙarƙashin kowa a majalisar ministoci, bai iya riƙe ƙudurin ba, ban ga ministan da zai saka kujeru biyu a caca saboda mu ba. Wannan aiki ne na wakilin da ba shi da abin da za a ƙwace masa sai ƙuri'armu, kuma irin wannan wakili ba ya samuwa sai muna da ƙuri'ar a nan.

Nan ne nake da ƙorafi da mu kanmu. Har yau akwai 'yan uwanmu da suka shekara ashirin a Ibadan amma katinsu na gida ne, ana gobe zaɓe sai su cika mota su tafi Arewa, wasu ma tsoron rikici ke kora su, ba zaɓen ba. Hukumar zaɓe tana da hanyar sauya wurin jefa ƙuri'a duk lokacin da aka buɗe rajista, kuma ba a biyan ko kwabo. Ni nawa katin na Sabo ne, na Baba ma haka. Ƙannena biyu da suka cika sha takwas, su ma a nan na ce su yanka.