Kiran Safiya a Dajin Bawangling

Daga Haikou, babban birnin tsibirin Hainan a kudancin ƙasar Sin, muka nufi yamma da mota, muna ratsa gonakin roba har hanya ta fara hawa tsaunukan Bawangling. Abin da ya kawo ni shi ne birin gibon na Hainan, wanda duk faɗin duniya babu shi sai a wannan daji.

Tun da duhun asuba masu gadin dajin suka tashe mu. Wasunsu 'yan ƙabilun Li da Miyawo ne daga ƙauyukan gindin dutse, kuma da kunne suke fara aikinsu: namijin gibon ya ɗaga murya, mace ta amsa masa, daga nan a gane inda iyalin suka kwana. Muka bi sautin, muna zamewa a laka, har muka hango su can ƙolin wani ɓaure. Namijin baƙi ƙirin da ɗan tukku a ka, macen launin zinariya, jaririnta manne a cikinta. Ba su da wutsiya, da dogayen hannuwa suke lilo daga reshe zuwa reshe, kuma ba sa saukowa ƙasa.

Wannan ɗabi'a ita ta sa sare daji ya yi musu mummunar illa. A shekarun 1950 sun kai kusan 2,000. Saran katako, gonakin roba da farauta don haɗa magani suka rage su zuwa ƙasa da 10 a wajajen 1980, shekarar da aka killace dajin. Mace kuwa ɗa guda take haifa a kusan shekara biyu.

An ba ni labarin wani kwari da guguwar Rammasun ta tsaga a 2014, ta raba rassan da suke bi. A 2015 aka ɗaura igiyoyi tsakanin bishiyoyin, sai da biran suka shafe kwana 176 kafin su yarda su hau.

A 2021 dajin ya shiga cikin sabon gandun ƙasa, a 2024 kuma adadinsu ya kai 42. Abin farin ciki ne, amma dukkansu a yanki ɗaya suke, annoba guda ko guguwa na iya share su. Shi ya sa ake dasa bishiyoyin asali masu 'ya'ya don haɗe guntayen dajin da aka yayyanka, domin sababbin iyalai su sami inda za su faɗaɗa.